NAZARI: Faɗuwar gaban mai jego a Miga da alƙaluman da ke tsayawa a kwana 42

A ƙasar Hausa, idan mace ta sauka lafiya, aka yi suna, aka yanka rago, jama'a kan ɗauka an tsallake siratsi. Abin da ya rage sai wanka da kunu da jiran arba'in. Idan a cikin waɗannan kwanaki mai jego ta ce gabanta na yawan faɗuwa, ko zuciyarta na dukan uku-uku alhali tana zaune, amsar da za ta ji ba ta wuce uku ba. Za a ce gajiyar haihuwa ce, ko a ce jikin ne bai gama komawa ba, ko kuwa a ce iska ce ta shafe ta, a nemo hayaƙi da rubutu. Da wuya a samu wanda zai kama wuyan hannunta, ya dubi agogo, ya ƙirga.

Wannan ƙirge na minti ɗaya shi ne abin da nazarin nan ya sa a gaba. A ƙaramar hukumar Miga ta Jihar Jigawa, kamar sauran yankunan karkara na masarautar Dutse, saurin bugun zuciya na daga cikin alamomin farko da jikin mai jego ke bayarwa idan rayuwarta ta shiga haɗari. Gano shi ba ya buƙatar wutar lantarki, ko ɗakin gwaji, ko likita. Sai dai tsarin lafiyar da muke da shi ya tattara hankalinsa a kan ranar haihuwa, alƙaluman da ake auna gwamnatoci da su kuma suna rufe littafi a kwana na 42. Matar da zuciyarta ta fara gazawa bayan suna ba ta cikin lissafin kowa.

Me zuciya ke nufi idan ta yi sauri?

Zuciyar baligi mai lafiya, idan yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan ta haura 100 alhali mutum bai yi gudu ba, bai ɗauki kaya ba, bai firgita ba, likitoci na kiran yanayin takikadiya. Wani lokaci matsalar daga zuciyar ce kanta, tsarin lantarkin da ke ba ta umarnin bugawa ya rikice, sai ta ɗauki gudu farat ɗaya har ta wuce 150, ta kuma tsaya farat ɗaya. Amma galibi zuciya na sauri ne don ta cike wani giɓi da ya samu a jiki. Jini ya ragu, sai ta ƙara gudu domin ɗan abin da ya rage ya zagaya. Zazzaɓi na jawo haka, ƙishirwa mai tsanani a lokacin bazara na jawowa, haka ciwon maƙoƙo, da yawan shan gahawa da lemukan ƙara kuzari da matasa suka runguma.

Goyon ciki shi kansa aiki ne babba ga zuciya. Yawan jinin da ke jikin mai ciki kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, bugun zuciyarta kuma ya ƙaru da 10 zuwa 20 a minti. Bayan haihuwa ana sa ran ya sauko sannu a hankali cikin 'yan makonni. Idan ya ƙi saukowa, ko ya ci gaba da hawa, akwai abubuwa huɗu da ma'aikacin lafiya ya kamata ya fara zargi, kuma kowannensu na kisa.

Na farko zubar jini. Matashiya mai ƙarfi za ta iya rasa jini mai yawa ba tare da awon jininta ya faɗi ba, domin jijiyoyinta na tsukewa su riƙe shi. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Shi ya sa ake koya wa ungozomomin asibiti su kwatanta lambobi biyu: idan bugun zuciya ya kusa kamo lambar sama ta awon jini, ko ya wuce ta, matar na cikin haɗari ko da tana magana tana murmushi. Na biyu ƙarancin jini, wanda Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na Najeriya na 2018 ya samu a jikin kashi 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Na uku ƙwayoyin cuta da kan shiga mahaifa su bazu cikin jini, musamman bayan doguwar naƙuda ko haihuwa a wurin da ba tsafta. Na huɗu kuwa shi ne wanda Arewa maso Yammacin Najeriya ta yi suna da shi a littattafan likitancin duniya, wato raunin tsokar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PPCM.

A wannan ciwo, zuciyar da a da ba ta da wata matsala sai ta saki, ta buɗe, ta kasa matsa jini yadda ya kamata. Lafiyayyar zuciya kan tura fiye da rabin jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu. Ta mai wannan ciwo ba ta kai kashi 45, wata ma ba ta kai 25. Tunda kowane bugu ya yi rauni, sai ta rama da yawan bugawa. Ruwa ya taru a huhu, mai jego ta riƙa haki, ta kasa kwanciya a miƙe sai an tara mata matasai, tari ya riƙa tashin ta da dare, ƙafafu su kumbura. Matsalar ita ce kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta yi kama da abin da kowa ya saba gani a jikin mai tsohon ciki ko sabuwar haihuwa.

Daga Zariya zuwa Kano: shekarun da kanwa ta sha zargi

Labarin ba sabo ba ne. Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego. Sun ƙiyasta cewa abin na samun kusan mace ɗaya a kowace haihuwa 100 a yankin, adadin da ba a taɓa ganin irinsa a wani wuri ba. Da suka nemi dalili, sai idonsu ya sauka kan al'ada: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa na ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa da ke riƙe ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki.

Wannan bayani ya zauna daram shekaru da dama, kuma ya yi wa masu mulki daɗi ko da ba su sani ba. Idan laifin al'ada ne, to maganin wa'azi ne da faɗakarwa a rediyo, babu wanda za a tambaya ina ya kai kasafin kuɗi.

Binciken baya-bayan nan ya sauya hoton. Daga 2017 zuwa 2018, wata tawagar likitocin zuciya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya, a wani aiki da aka sa wa suna PEACE. Cikin mata 406 da aka samu, fiye da kashi 70 cikin 100 daga Arewa maso Yamma suka fito. A Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano, an samu mace ɗaya a kowace haihuwa 96, wato kusan abin da aka gani a Zariya fiye da shekaru 40 kafin nan. Wani bincike da aka wallafa daga Sakkwato a 2007 shi ma ya samu ɗaya cikin 102.

Da aka kwatanta marasa lafiyar da takwarorinsu masu lafiya, abubuwan da suka fito a matsayin masu ƙara haɗari su ne rashin karatun zamani, rashin sana'a, rama, da hawan jinin masu ciki da kan kai ga jijjiga. Wankan jego da kunun kanwa ba su bambanta masu ciwon da lafiyayyu ba. Kafin wannan, bincike a Jamhuriyar Nijar da kuma a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin yawancin masu ciwon, abin da ke da nasaba da irin cimar da mutum ke samu. Wannan bai wanke kanwa gaba ɗaya ba. Macen da ke da hawan jini, ko wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ƙarin gishiri kowane iri na cutar da ita, kuma likita zai hana ta. Amma tushen matsalar ya fi kusa da tukunyar gida da ajin makaranta da ɗakin awon ciki.

Sashe na biyu na aikin PEACE, wanda aka wallafa a 2020, shi ne ya fi shafar batunmu. An bi mata 244 na tsawon kimanin watanni 17. Kusan kashi 19 cikin 100 sun rasu, wato kusan ɗaya cikin biyar, waɗanda zuciyarsu ta warke sarai kuma ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Matan da aka samu da saurin bugun zuciya tun ranar da aka fara duba su, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Haka abin yake ga waɗanda ba su kai shekara 20 ba. Waɗanda kuwa suka ci gaba da shan rukunin magungunan da ke rage wa zuciya gudu da nauyi, bisa kulawar likita, sun fi rayuwa. Ma'ana, alamar da ta fi arha wajen ganowa tana cikin waɗanda suka fi nuna wadda ke bakin kabari.

Miga a kan wannan ma'auni

A ɗora waɗannan abubuwa a kan Miga a gani. Ƙaramar hukuma ce ta manoma da masunta da makiyaya a kwarin Kogin Haɗeja, mai mutum kimanin 128,000 a ƙidayar 2006, kuma tana tarayya da Jahun a mazaɓar Majalisar Wakilai. Tana cikin jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta na fama da talauci ta fuskoki daban-daban. Binciken lafiya na 2018 ya nuna macen Jigawa kan haifi 'ya'ya kusan bakwai a rayuwarta, kuma kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar ce kawai ake yi a asibiti. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan karkarar Jigawa ya ƙiyasta mutuwar mata 1,012 a kowace haihuwa 100,000. Rama, ƙarancin karatu, ciki da ƙuruciya, haihuwa kusa da kusa: duk abin da binciken Kano ya lissafa, ga shi nan a tattare.

A yi adalci, yankin ba a bar shi haka kawai ba. Tun 2008 ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ke aiki da Ma'aikatar Lafiya ta jihar a Babban Asibitin Jahun, inda ake karɓar haihuwa mai gardama da yi wa masu yoyon fitsari aiki, kuma tallafinta ya kai ga wasu ƙananan asibitoci na kewaye, har da na Miga. Jihar ta daɗe da shirin Haihuwa Lafiya da na kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta. A matakin tarayya, a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da shirin MAMII da ya nufi ƙananan hukumomi 172 da suka ƙunshi fiye da rabin mutuwar mata masu haihuwa a ƙasar, tare da alƙawarin tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata.

Duk waɗannan sun ceci rayuka. Amma a lura da inda ƙarfinsu ya karkata: motar da za ta kai mai naƙuda, gadon haihuwa, jinin ƙari, ɗakin tiyata. Raunin zuciyar jego kuwa sau da yawa ba ya bayyana a ɗakin haihuwa. Yakan fito ne bayan mako biyu, ko wata ɗaya, ko wata uku, lokacin da matar ta koma gida, wani lokaci ma ta tafi wankan gida wajen iyayenta a wani ƙauyen da ma'aikaciyar da ta karɓi haihuwarta ba ta san shi ba. Wadda ta haihu a ɗakinta tun asali ba ta shiga rajistar kowa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego sau huɗu: cikin sa'o'i 24 na farko, a kwana na uku, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida. A aikace, abin da ke kai mai jego asibiti a karkara shi ne rigakafin jariri. Za a auna nauyin yaro, a ɗiga masa magani, a cika masa kati, uwar da ta goyo shi tana tsaye tana haki babu wanda aikinsa ne ya taɓa hannunta. Ita ma ba za ta yi ƙorafi ba, domin an tarbiyyantar da ita a kan cewa dauriya ita ce adon mace, raki kuwa abin gori ne a wajen kishiya da dangin miji.

Sai kuma hanya. Tabbatar da wannan ciwo na buƙatar hoton zuciya na na'ura da ƙwararren da zai karanta shi, abin da ke nufin tafiya Dutse ta Jahun da Kiyawa, ko kuma Kano. Ga mutumin Hantsu ko Zareku ko Tsakuwawa, wannan kuɗin mota ne na mutum biyu ko uku, da kuɗin gwaji, da kwanakin da za a bar gona. A shekarar ambaliya irin ta 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki ya yanke hanyoyi a Miga da maƙwabtanta, tafiyar kan zama sai da kwalekwale. Watannin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke ƙara cinye jinin masu ciki, rumbu kuma ya yi ƙasa.

Arba'in da kwana biyu

Akwai wani abu a cikin ma'anar kalmomi da ya kamata duk mai bibiyar siyasar lafiya ya sani. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutuwar da ake lissafawa a babban ma'aunin mutuwar mata masu haihuwa ita ce wadda ta faru lokacin ciki ko cikin kwana 42 da ƙarewarsa. Wadda ta faru bayan haka, har zuwa shekara guda, ana ba ta wani suna daban, kuma ba ta shiga lambar da ake yawan ambata. Ƙiyasin da ya ce Najeriya ta rasa mata kimanin 75,000 a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, a kan wannan iyaka aka gina shi.

Kwana 42 arba'in ce da kwana biyu. Mace ta gama wanka, ta yi kitso da lalle, ta fita yawon arba'in, a idon dangi da na hukuma ta tsira. Idan zuciyarta ta tsaya a wata na huɗu, a gida za a ce ajali, a ofis kuwa babu takardar da za ta nuna cewa cikin da ta ɗauka ne sanadi. Kwamitocin da ke bitar mutuwar mata masu haihuwa sun fi ganin abin da ya faru a gadon asibiti. Gwamna zai iya tsayawa ya ce mutuwar mata ta ragu, kuma ya faɗi gaskiya bisa ma'aunin da aka ba shi, alhali waɗannan matan ba su taɓa shiga ma'aunin ba. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba a ware masa kuɗi.

Darasin Dutse, da iyakar na'ura

Abin mamaki, ɗaya daga cikin muhimman gwaje-gwajen duniya kan gano wannan ciwo da wuri an yi wani ɓangarensa ne a Jigawa. Daga 2022 zuwa 2023, masu bincike daga asibitin Mayo na Amurka da takwarorinsu na Najeriya sun gwada wata na'urar sauraren ƙirji mai aiki da ƙirƙirarriyar basira a kan mata masu ciki da masu jego kusan 1,200 a asibitoci shida. Asibitin Rasheed Shekoni na Dutse na cikinsu, haka ma na Malam Aminu Kano. Sakamakon da mujallar Nature Medicine ta wallafa a 2024 ya nuna cewa a rukunin da aka yi amfani da na'urar an gano raunin zuciya a kashi 4.1 cikin 100, a rukunin da aka duba yadda aka saba kuwa kashi 2. Wato ko a manyan asibitoci, duba na yau da kullum na iya barin rabin masu ciwon su koma gida ba a gane su ba. To ina ga ƙaramin asibitin mazaɓa?

Daga Kano ma akwai darasi. Gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna a 2023 cewa auna jinin da mace ta zubar da wata leda mai ma'auni, tare da lura da alamomi irin su bugun zuciya da ba da magunguna a tare ba tare da jinkiri ba, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Sai dai kada a ɗauka sayen na'ura shi ne maganin. An taɓa gwada wata na'urar awon jini da bugun zuciya mai suna CRADLE, wadda ke kunna fitila kore ko ɗorawa ko ja gwargwadon haɗari, a ƙasashe takwas. Sakamakon da aka fitar a 2019 bai iya tabbatar da cewa ita kaɗai ta rage mace-mace ba. Fitila za ta yi ja, amma idan babu mota, babu jini, babu magani, babu likita a ƙarshen hanya, jan fitilar bai ceci kowa ba. Reshen Jigawa na Ƙungiyar Likitocin Najeriya ya sha kokawa kan yadda likitoci ke barin aikin jihar zuwa asibitocin tarayya da ƙasashen waje. Masu cewa ƙirga bugun kowace mai jego zai cika asibitoci da matan da ba su da wata babbar matsala suna da hujja. Amsar ita ce yawancin waɗanda za a samu, ƙarancin jini ne ko zazzaɓi ke damun su, kuma waɗannan ana iya magance su a matakin farko da kuɗi kaɗan. 'Yan kaɗan ne za su buƙaci Dutse, su ne kuma waɗanda a yanzu ake kai wa a makare.

Tambayoyin da suka dace da masu neman ƙuri'a

Ga matashin da ke bibiyar kasafin kuɗi, ko yake muhawara a Facebook kan wa ya fi wa aiki, wannan batu na da ƙofofin shiga a sarari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani kaso na zuwa kai tsaye ga asusun asibitocin mazaɓu da aka zaɓa. Kowace mazaɓa ana sa ran tana da kwamitin jama'a da ke sa ido. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a watan Afrilun 2025 kuma ta tabbatar da cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi. Saboda haka ɗan Miga na da hurumin rubuta takarda ya nemi amsa.

Tambayoyin ba su da wuya. Cikin matan da suka haihu a mazaɓarmu bara, nawa aka duba a mako na biyu da na shida? Katin mai jego yana da gurbin rubuta bugun zuciya, kuma ana cika shi? Ranar rigakafi, wa aka ɗora wa alhakin duba uwa? Ma'aikatan sa-kai da ke shiga gida-gida an koya musu ƙirga bugu, an ba su lambar da idan an wuce ta za su tura mace asibiti? Motar ɗaukar masu naƙuda tana ɗaukar mai jegon da ke haki a wata na biyu, ko aikinta ya ƙare ranar haihuwa? Kulawa kyauta da inshorar marasa galihu ta jiha sun haɗa da hoton zuciya da magungunan da za a sha wata da watanni? Kuma me zai hana gwamnatin Malam Umar Namadi ta umarci a riƙa rubuta mutuwar kowace mace har shekara guda bayan haihuwa, a asibiti ko a gida, ta hannun masu unguwanni da limaman da ke sallar jana'iza?

Akwai wata tambayar da ta fi nauyi, wadda ta shafi gida. Macen da zuciyarta ba ta gama warkewa ba, sabon ciki na iya zama ajalinta. Wannan magana ce da likita zai yi da mata da miji tare, kuma tazarar haihuwa a nan umarnin likita ne kamar kowane magani. Malamai da masu riƙe da sarauta na da rawar takawa wajen ganin cewa ba a mayar da irin wannan mace abin zargi a gidan aurenta ba.

Abin da ba ya jiran gwamnati

Kafin a samu amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai abin da miji, ko ƙanwa, ko ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya da ta zo hutu za ta iya yi yau. A bar mai jego ta zauna ta huta minti biyar. A ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannunta ta gefen babban yatsa, a ƙirga bugun na minti ɗaya cur da agogon waya. Idan ya wuce 100, aka sake gwadawa bayan ɗan lokaci bai sauka ba, a kai ta asibiti a ranar. Idan ya wuce 120, ko yana tare da haki, kasa kwanciya a miƙe, kumburi, zazzaɓi, zubar jini, ciwon ƙirji ko suma, ba a jiran gari ya waye.

Kada kuma a je kemis a sayo maganin rage bugun zuciya. Idan zubar jini ne ko ƙwayoyin cuta suka sa zuciyar gudu, gudun ne ke riƙe da ran matar, rage shi ba tare da gano dalili ba na iya ƙarasa ta. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti, ana iya yin su a cikin mota.

Zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su zo Miga da Jahun su lissafa asibitocin da aka gina da waɗanda aka yi wa fenti. Duk wanda ya samu damar riƙe makirufo a irin wannan taro, ya tambaye su mata nawa aka ƙirga wa bugun zuciya bayan suna, nawa aka tura Dutse, nawa kuma suka kai ranar yaye da ransu.